Sadakar Uku ta Ɗan Sarkin Aljanu

A gidanmu na Limancin Kona, bayan la'asar muke kallon wasan ɗan sarkin aljanu, hoton talabijin yana rawa kamar inuwa cikin ruwa. Ranar da aka fille masa kai, mata suka ɗauki salati. Kakata ta lulluɓe akwatin da mayafinta, yadda ake rufe gawa. Ranar uku ta daka gumba ta raba sadaka, mu marasa kunya muna ci muna dariya.

Da mako ya zagayo, sai ga shi ya fito daga hayaƙi, kansa a wuyansa. Kakata ta matsa jikin gilashin. Shekara guda ke nan da rasuwar ɗanta, babana.

Ta ce a hankali, "Ashe can ana dawowa."