Dutsen da Kaka Ya Ɗauko a Makera

Ɗazu na ji ƙarar guduma a kan dutse, sai na tuna Kaka. Magini ne, ba ya wuce tsohon gini bai shafa bangonsa ba.

A shekarun tamanin muka tarar ana rushe wani gidan Turawa a Makera. Kaka ya tari mai kula da aikin ya ce, "Ɗana, kada ku farfasa su. Mahaifina ne ya sassaƙa duwatsun nan a bakin kogi."

Mutumin ya yi jim, ya ce, "Baba, zaɓi naka."

Kaka ya yi gammo da hularsa, ya ɗauki ɗaya har Trikania, ya ƙi in taya shi. A kansa yake zama kullum da yamma har ya rasu.

Allah ya ba shi hutawa.