Kunne Ɗaya na Waƙa, Ɗaya na Gaisuwa

Sati guda na yi ina zaɓen waƙoƙin da zan riƙa ji wajen gudun motsa jiki, duk masu zafin kalangu. Ranar farko na toshe kunnuwana, na kama hanyar Kongolam da sassafe. Kafin in dawo, wani dattijo abokin mahaifina ya kai ƙarata gida, wai sau uku yana yi mini magana na wuce kamar an koro ni. Sai da na je zaurensa na durƙusa.

Yanzu da kunne ɗaya nake sauraro, kuma ban taɓa jin ƙarshen waƙa ba. Taku goma, sai in tsaya a gaisa: ina kwana, ina gajiya. Wace gajiya? Kun bar ni na yi gudun ne?