Me Ka Ji a Bayan Danga?

Kakata Dije ba ta taɓa rufe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi ba. A ƙauyenmu na bakin kogin Haɗeja, da damina, da an idar da sallar isha'i mu jikoki sai mu cika ɗakinta. Ta tura kirare cikin wuta, ta gasa mana masara tana mita wai za mu ƙarar mata da rumbu. Ni take kira maigida, kuma kullum sai ta ce ta gaji da mijin da ba ya kawo cefane sai ciki.

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta Tanko mai kalangu. Kowa ya zo da kiɗan da yake so Tanko zai yi masa, na mahauta, na 'yan mata, na gayya. Ran nan ƙaramar 'yarsa ta ce ya yi mata nasa na kansa. Ya rataya kalangu, ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a sama. Ashe ba shi da nasa. Kunya ta kama shi, ya bar gari, ya kafa bukka a bakin wani tafki. Mutane suka ce ya zautu. Damina guda bai taɓa fata ba, yana sauraron ruwa a kan ganye da iska cikin gamba. Da aka yi girbi ya dawo, ya zaunar da yarinyar, ya yi mata kiɗa.

A nan Kaka take tsayawa.

"Wane irin kiɗa, Kaka?"

"Ina wurin ne? Ku tashi ku fita bayan danga. Kowa ya zauna shi kaɗai, bakinsa a rufe."

In mun dawo sai ta bi mu ɗaya-ɗaya: "Me ka ji?" Duk abin da ka faɗa karɓa take, ko kwaɗi ne, ko kukan cikinka. Maimaita na wani ne kawai ba ta yafewa. Ranar da ɗan baffana Sale ya faɗi abin da na faɗa, ce masa ta yi, "Wannan kunnen maigida ne. Kai ina ka bar naka? Koma."

Yanzu a Dubai nake, ina aikin aika kayan 'yan kasuwa a unguwar Al Khabaisi, kuma a nan 'yata Hafsa ta girma. Kwanaki ta dawo daga makaranta da darasi a kan wasu marubutan Amurka na da, waɗanda suka gaji da hayaniyar birni da kwaikwayon Turai. Suka ce mutum ya yarda da abin da zuciyarsa ta shaida, ya je daji da kogi ya ga ayoyin Mahalicci da idonsa. Wani cikinsu har bukka ya kafa a bakin tafki. Dariya ta kama ni, na ce ai wannan Tanko ne ya sa kwat.

Hafsa ba ta yi dariya ba. A makaranta an ce kowa ya rubuta wurin da ya taɓa zama shi kaɗai yana sauraron halittar Allah.

"Baba, kalas, magana ta ƙare, ni ba ni da daji. Daga filat ɗinmu sai jirgin ƙasan metro sai makaranta. Zan karɓi na ƙawata in sauya kalmomi."

Maganar ta sosa mini rai ƙwarai. Na ji tsoron na rene ta da ci da sha da gata, amma da kunnen aro.

Ranar Juma'a da yamma na kai ta bakin ruwan Deira, inda ƙananan jiragen katako ke ƙetarar da mutane. Na karɓe wayarta, na nuna mata wani dakali, ni na koma can gefe. Gaskiya ban sa rai ba. Inji na ruri, 'yan dako na ihu, babu gamba, babu kwaɗo ko ɗaya. Da ta taso, na tambaye ta kamar yadda aka tambaye ni.

"Me kika ji?"

"Inji," ta ce. Sai ta nuna gaɓar ruwan. "Amma in jirgi ya wuce, sai can daga baya ruwansa yake isowa ya taɓa dutsen nan a hankali, kamar mai sallama da ba ya son ya ta da masu barci. Kullum muna wucewa ta nan, Baba, ban taɓa ji ba."

Ni ma ban taɓa ji ba.

Na daɗe ina zaton rowa ce ta hana Kaka faɗa mana kiɗan Tanko. Sai a bakin ruwan nan na gane cewa da ta faɗa, shi za mu yi ta maimaitawa har mu tsufa.

"Kai fa, Baba, me ka ji?"

Har na buɗe baki zan ce ruwan, sai na tuna Sale.

"Na ji Kakata tana tura kirare cikin wuta."

Hafsa ta dube ni, ta riƙo hannuna. "To wannan naka ne," ta ce. "Ba zan saka a nawa ba."