Anti Shiru, Mai Tsayawa a Inda Labari Ya Yi Daɗi

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa makaranta, mai gadi bai ma gama share bakin ƙofa ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan haka take. Sai ta buɗe laburare, ta tura tagogi uku, don ta huɗun ba ta taɓa buɗuwa ba tun da aka gina ɗakin, ta bi kantoci da tsumma. Daga nan ta zauna ta jawo gwangwanin da take ajiye allura da zare da gam, ta shiga jinyar littattafan da aka dawo da su jiya. Wanda bangonsa ya ɓalle ta liƙe, wanda cikinsa ya zazzago ta ɗinke, wanda aka naɗe wa kunne ta miƙe masa tana ƙunƙuni. Ƙarshen wannan zangon za ta yi ritaya, kuma na rantse ba za ta fita ƙofar nan shiru ba, ko da kuwa sunan da muka sa mata ke nan.

Anti Shiru muke ce mata, saboda ba ta taɓa daka wa kowa tsawa ba. Yatsa ɗaya take ɗagawa, ɗaki ya yi tsit.

A kusurwar laburaren akwai wani tsohon kabad na katako, wanda a zamaninmu ƙofarsa a karkace take. Malamai suna kiransa kabad ɗin shirme. A ciki take jera littattafan soyayya da na rayuwar 'yan makaranta: yarinyar da ke canja hanya don kada ta haɗu da wani yaro, alhali shi ta fito nema, ƙawaye biyu da suka daina magana a kan wasiƙa ɗaya, saurayin da ya yi wata uku yana haddace gaisuwa, ranar da ya samu dama ya tambayi yarinyar ƙarfe nawa. Babu littafin da ke shiga kabad ɗin sai Anti ta karanta shi daga bango zuwa bango. Wanda bai kwanta mata ba, jakarta yake shiga, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa. Da an buga ƙararrawar hutun tara, nan ake turereniya. Maza ma suna zuwa, sai dai su a tsakiyar littafin kimiyya suke ɓoye nasu, su haɗe rai kamar masu nazari.

Ni shaida ce, don haka bari in fara da tonon asirin kaina.

Ina da shekara goma sha huɗu ban iya karatu ba. Na san baƙaƙe, ina iya harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya, amma kafin in kai ƙarshen layi na manta farkonsa. Bakina ne ya rufa min asiri. Rediyo ake ce min, don in na ji abu sau ɗaya zan maimaita shi har da ƙarin gishiri. Aminiyata Doguwa ita ke karantawa ta ba ni labari, ni kuma in tara 'yan aji in ba su kamar ni na rubuta. Amma jarrabawa ba ta jin surutu. Na riga na faɗi sau ɗaya ina maimaita aji na biyu, kuma dokar makarantar ita ce wanda ya faɗi sau biyu a aji ɗaya sallamarsa ake yi. Wata biyar ya rage min.

Ran nan ina zaune kusa da Doguwa, kowacce da littafinta. In ta juya shafi, in juya nawa. Da aka buga ƙararrawa kowa ya watse, sai na ji an ce, "Rediyo, zo nan."

Na je ina murmushi.

"Kin wuce shafi na arba'in da biyu?"

"Tuntuni, Anti."

"Shekara shida littafin nan yana hannuna. Babu wadda ta taɓa wuce shafin nan ba ta yi tsaki ba. Malamar lissafi ma sai da ta yi. Ke kuwa kin wuce shi kamar mai kallon bango." Ta buɗe wurin ta turo min. "Karanta min layin farko."

Na kalli layin, layin ya kalle ni. A karon farko a rayuwata Rediyo ta ɗauke. Sai hawaye. Ina jiran ta ce kash, ko ta tambaye ni yadda aka yi na kai aji biyu a haka. Ba ta ce ko ɗaya ba. Ta miƙo min tsumman goge kantoci, ta ga ba shi ya dace ba, ta janye ta ba ni hankicinta. Ta ce, "Gobe da tara ki zo. Kada ki gaya wa kowa, ni ma ba zan gaya wa kowa ba."

Kashegari ta zaunar da ni bayan teburinta inda ba a gani, ta fara karanta min littafin daga farko, murya ƙasa-ƙasa, yatsanta yana bin kalmomin. Labarin wata 'yar aji uku ne da ta rubuta wa wani yaro wasiƙa, kunya ta hana ta ba shi, ta soke ta a cikin littafin aikin gida, ta manta, ta miƙa wa malami littafin. Na ƙara matsowa kusa da ita. Malami ya zauna, ya jawo tarin littattafai, ya ɗauko nata, ya buɗe. Daidai nan Anti ta cire tabarau ta murza ido.

"Wash. Idona ya gaji."

"Anti, don Allah! Layi ɗaya kawai!"

"Ga ki, ga littafi. Ni ma ba a haife ni da karatu ba."

Allah ya sani na ji haushinta. Na tafi da littafin gida, na zauna bayan shagon babana a kan tarin katako, na yi ta dambe da rabin shafi har la'asar. Na so in kai wa Doguwa, amma in na kai mata asirina ya tonu. Kwana uku na yi kafin in gano abin da malamin ya yi da wasiƙar. Da na gano, sai na ji tsaki ya kuɓuce min, mai ƙarfi, har kajin maƙwabta suka watse. Na duba lambar shafin, arba'in da biyu.

Haka muka yi ta yi. Kullum idonta sai ya gaji, kuma bai taɓa gajiya a wurin da ake kwatanta itatuwa ko hadari ba. Sai an ƙwanƙwasa ƙofa, ko an ce "ina da magana da ke", sannan ciwon yake tashi. Rabin shafi ya zama shafi biyu, shafi biyu ya zama babi. Daga baya ne na gane ba ni kaɗai aka yi wa wannan mugunta ba. Mai shagon magani na kan titinmu, ƙato da gemu, ya ce min shi ma a bayan teburin nan ya koyi karatu, kuma har yau in ya ga mace ta cire tabarau gabansa faɗuwa yake.

Saura mako biyu jarrabawa babana ya tsinci littafi a jakata. Kafinta ne, mutum mai haƙuri, amma duk burinsa a kaina yake. Shi dai lambobin awo ya sani, sai dai hoton bangon bai buƙaci karatu ba: yarinya da yaro a gindin bishiya. Da safe ya riƙo hannuna, fensir a bayan kunne, bai tsaya ko'ina ba sai laburare. Shugaban makaranta ya biyo mu, kuma kowa ya san shi ya daɗe yana neman dalilin kwashe kabad ɗin.

"Malama," in ji babana, "yarinyar nan saura ƙiris a kore ta. Na kawo ta ta yi karatu, ke kuma kina ɗura mata soyayya. In ta faɗi, ke ce sila."

Shugaba ya ce, "Na sha faɗa miki ranar nan za ta zo."

Anti ta jawo kujera. "Baban yarinya, bismillah, zauna. Ka taɓa jin 'yarka tana karatu?"

Ya ce, "Kullum cewa take ta gama a makaranta."

Ta juyo gare ni. Da kalma biyu za ta iya wanke kanta, amma ta yi min alkawari. Ta ce, "Rediyo, maganarki ce. In kin so ki faɗa."

Na faɗa, kaina a ƙasa. Na ce, "Baba, da ban iya ba. Duk shekarun nan ban iya ba." Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi irin abin da ta yi a lokacin ba, kuma ba na fatan in sake gani.

Anti ta karɓi littafin ta buɗe wani wuri da ban kai ba tukuna. "To yau za ka ji."

Wurin da uban yarinyar labarin ya ji abin da ya faru ne, ya aika a kira ta, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga. Na karanta shafi biyu. Sau uku na yi tuntuɓe, ba wanda ya ɗaga ni, na tashi da kaina. Yarinyar ta ɗaga labule, uban ya ɗago kai, ya buɗe baki. Sai Anti ta ɗora tafin hannunta a kan shafin.

"Ya isa haka."

Babana ya share fuska da hularsa, ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Can ya ce, "To... shi uban me ya ce mata?"

Shugaba ya juya wa taga fuska, kafaɗunsa na motsi. Anti ta miƙa min littafin ta ce, "Sai ta karanta maka a gida."

Da za mu fita babana ya tsaya gaban kabad ɗin shirme, ya girgiza ƙofar, ya yi tsaki. "Wa ya yi muku wannan aikin? Ai wannan cin amana ne." Ran Asabar ya dawo da kayan aikinsa. Ƙofar da ya sa ita ce a jiki har yau, kuma shugaba bai sake tada maganar ba.

Ban zo ta ɗaya ba, kada in yi muku ƙarya. Ta ashirin da tara na zo cikin arba'in da ɗaya, amma na haye. Yau ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk lokacin da na ɗaga kwalbar magani ina karanta ƙananan rubutun jikinta kafin in ba majinyaci, na san daga ina idon nan ya fito.

Masu cewa littattafan nan shirme ne, ban ce duka alheri ba ne, ita ma Anti ba ta ce ba, shi ya sa take da jaka. Amma sun manta yadda shekara goma sha huɗu take. Lokacin ne zuciya ke ɗauke da kayan da ba ka iya sauke wa uwa, ba ka iya sauke wa malami, kana zaton kai kaɗai aka taɓa jarabta da su. Sai ka buɗe littafi ka tarar da wata yarinya tana jin abin da kake ji, har ta fi ka wauta. A kabad ɗin nan muka yi dariya, muka yi kuka, muka yi musu a kan wa ya kamata ta zaɓa, muka ga yadda ake cewa a'a ba tare da an mutu ba.

Anti, ke ce kika san littafi har kika san fuskar mai karanta shi. Ke ce kika ga abin da malamai bakwai ba su gani ba, kuma ba ki kai shi ofis ba. Ke ce kika yarda a ɗora miki laifi a gaban shugabanki don kada ki karya alkawarin da kika yi wa 'yar aji biyu. Uwar marasa karatu, mai allura da zare, ba littattafai kaɗai kika ɗinke ba.

Watan jiya na je gaishe ta. Na tarar tana ɗinki da lalube, tana bin gefen takarda da yatsa. A gefen teburin ga sababbin littattafai sun kai goma sha biyar a tare, ba a ko buɗe su ba. Na tambaya. Ta ce yanar ido ce, shekara biyu ke nan rubutu ya zame mata hazo. Ba za ta sa su a kabad ba ta san abin da ke ciki ba, kuma ba ta son ta tafi ta bar yara ba sabon abu.

Na ɗauki na sama na zauna bayan teburin, a wurina na da, na fara karanta mata. Ta lumshe ido tana gyaɗa kai. Muka kai inda yarinya ta ji ana kiran sunanta a bayanta, ta san muryar, ta fara juyowa. Shaiɗan ya zuga ni. Na rufe littafin na murza ido.

"Wash, Anti. Idona ya gaji."

Yatsan nan ya tashi. "Ƙaniyarki, Rediyo. Ni za ki yi wa? Ni na ƙirƙiro ta." Muka yi dariya har mai gadi ya leƙo. Sannan ta ce a hankali, "Ci gaba, 'yata. Nawa dai yanzu da gaske ya gaji."

Na ci gaba, ban tsaya ba sai da na kai bango.

Malamai da iyaye, ku yi koyi da ita: in yaro ya riƙe littafi, ku kalli fuskarsa, kada ku tsaya a hoton bangon. Ku kuma da kuka taɓa zama bayan teburin nan, kun san kanku, ba sai na kira suna ba. Ni da Doguwa da mai shagon magani mun raba ranaku, saura littafi tara kafin zango ya ƙare, kuma bayan ritaya gidanta za mu koma. Ku zo ku karɓi rana.

Mun gode, Anti Shiru. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya, ya haskaka miki kamar yadda kika haskaka mana. Ki jingina ki huta. Daga yau mu ne idonki, kuma ba za mu tsaya miki a inda labari ya yi daɗi ba.