Na Ƙara wa Tiya Tsororo, Na Ɓoye a Lambar Ƙarshe

Edita, ina gaisuwa. Lokacin da abin nan ya faru, ni saurayi ne da bai daɗe da gama karatun kwamfuta ba, ina zaune a Gusau gidan yayana, ina gyara wa mutane waya a wani ɗan shago don kada zama ya yi yawa. Aikin kirki babu, amma zumuɗi kamar ya kashe ni. Ni irin mutumin nan ne da in abu ya faɗo masa a rai sai ya yi shi a ranar, in aka ce ya dakata kuwa sai ya ji kamar an zage shi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, amma waɗanda abin ya shafa za su gane kansu.

Abin da na rubuta shi masu gina manhaja ke kira laburare. Guntun aiki ne da mutum zai rubuta sau ɗaya ya ajiye a intanet a buɗe, duk mai so ya ɗauka kyauta ya haɗa cikin tasa manhajar, ya ma leƙa ciki ya ga yadda aka yi shi. Nawa aikinsa ɗaya ne tak, juya kilo zuwa awonmu na gida. Ka ba shi kilo kaza na gero ko masara ko waken suya, ya gaya maka tiya nawa ke nan. Na lura duk manhajojin noma da ake kawo mana kilo kawai suka sani, alhali a kasuwarmu babu mai sayen gero da kilo. Na ari tiyar matar yayana, na aro sikelin mai shagon maƙwabtanmu, na yi ta cikawa ina aunawa ina zubarwa, har ta ce in na gama binciken nawa in share mata tsakar gida. Da yake ni ɗan boko ne, duk tiyar da na cika sai na sa rula na shafe bakinta sumul, kamar yadda aka koya mana a ɗakin gwaji na makaranta. A ganina a lokacin, wannan shi ne awo na gaskiya.

Ranar da na sake shi da lamba 1.0.0 na kasa zama wuri ɗaya. Ina gyaran wayar wani, ina leƙa tawa in ga ko an sauke. Da na ga mutum na farko ya ɗauka sai da na yi tsalle, mai wayar ya tambaye ni ko haihuwa aka yi mini. Kafin wata biyu wasu da ban taɓa gani ba suka fara turo gyara, wani ya ƙara gyaɗa, wani ya ƙara shinkafa shanshara, lambar ta hau har 1.2.0. Ina tafiya a titi ina jin kaina kamar wani babban ma'aikaci. Ga wanda bai sani ba, waɗannan lambobi uku alkawari ne tsakanin mai laburare da masu amfani da shi. In ka taɓa ta ƙarshe, kana cewa ɗan gyara ne, a ɗauka ido rufe. In ka taɓa ta tsakiya, ka ƙara sabon abu ne, tsohon yana nan yadda yake. In kuwa ka taɓa ta farko, kana cewa jama'a a tsaya a duba, abin da kuka saba ya canza. Na san wannan sarai, har ina koya wa wasu a taron matasa masu kwamfuta da muke yi a Gusau.

Da shekara ta zagayo, gab da faɗuwar damina, na je Tsafe gaida kawuna, wanda ya tsufa a sayar da hatsi. Na zauna a rumfarsa na ciro waya ina nuna masa aikina, baki har kunne. Ya ce to mu gwada. Ya cika tiya da waken suya har ta yi tsororo, ya ɗora a sikeli, sai ga shi ta fi abin da wayata ta faɗa nesa ba kusa ba. Da na gaya masa yadda na yi awona da rula, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira maƙwabtansa na rumfa su zo su ga ɗan ƙanwarsa da ke aske wa tiya kai. Ya ce duk wanda ya auna wa mai saye tiya ba tsororo a wannan kasuwa, to ranar ce ta ƙarshe da zai sayar. Kunya ta kama ni, amma murna ta fi ta, don na gano kuskure kuma gyaransa na hannuna. A nan rumfar na auna kowane hatsi da tsororonsa, na rubuta, na hau mota zuwa Gusau ina jin direban ba ya sauri.

Ina isa na canza lambobin awon, sai na tsaya a kan lambar fitowa. Zuciyata ta gaya mini gaskiya cewa wannan 2.0.0 ne, tunda duk wanda ya tambayi laburaren tiya nawa, amsar da zai samu yau ba ita ce ta jiya ba. Amma abu biyu suka hana ni. Na farko, ina tanadin lamba biyu don wani babban shiri, na ma riga na zana hoton sanarwar da zan nuna a taronmu, ban so in ɓata ta a kan tsororon tiya. Na biyu, kuma shi ne na gaskiya, in na ɗaga lambar farko dole in rubuta dalili, dalilin kuwa shi ne ni haifaffen Zamfara ban san yadda ake awon hatsi ba. Sai na sa 1.2.1, a wajen bayani na rubuta cewa ƙananan gyare-gyare ne, na sake shi, na fita na sayi tsire don in taya kaina murna.

Bayan kamar mako uku wata malama ta rubuto a shafin laburaren cewa awon waken suya ya canza ba sanarwa, tana roƙon a duba. Na ji daɗin ganin saƙo, amma da na karanta sai raina ya ɓaci. Na amsa mata da gadara cewa sabon awon shi ne daidai, in tana shakka ta shiga kowace kasuwa ta tambayi masu hatsi, na rufe maganar. Ranar taronmu sai ga ta da kanta, ta taso tun daga Bungudu inda take koyar da kwamfuta a wata makaranta. Ta jira har na gama surutuna a gaban jama'a, sannan ta ja ni gefe. Ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta ce ta gina wata 'yar manhaja ce don ƙungiyar mata manoma ta Furfuri, wadda innarta ke riƙe da makullin ɗakin ajiyarta. Ana kawo musu ingantaccen irin waken suya a buhuna da kilo a rubuce, manhajar ta lissafa rabon kowace mace bisa girman gonarta, laburarena kuma ya juya shi zuwa tiya. Tun bara ta gwada ta gane tiyata shafaffiya ce, kuma hakan ya yi musu daidai, don sai ta koya wa Inna ta riƙa shafe bakin tiya da kara, kada wata ta ce tsororon wance ya fi nata. Bana da za ta ƙara sunayen sababbin mata ta sake haɗa manhajar, manhajar kuma ta jawo sabuwar fitowar laburarena da kanta, domin malamar ta yarda da lambar ƙarshe kamar yadda kowa ke yarda. Laburaren ya ɗauka tiya ta ƙara nauyi, sai ya rage wa kowa yawan tiyoyi, Inna kuwa tana ta shafe bakin tiya da karan nan nata. Aka yi ruwan shuka, mata suka fita, iri ya ƙare wa kowace kafin ta kai ƙarshen gonarta, ga kuma buhuna sun yi saura a ɗakin ajiyar da Inna ke riƙe. Magana ta zaga gari cewa tsohuwa ta tauye awo ne don ta kai sauran gonar 'ya'yanta. Malamar ta ce innarta ba ta karatu, abin da waya ta faɗa shi ta auna, kuma yau kwana shida ke nan ko biki ba ta leƙa ba.

 Na ce mata yanzun nan zan mayar da tsohon awo, ta ce wannan aikin minti biyar ne, ba shi ya kawo ta ba. Matan Furfuri ba su san wani shafi a intanet ba, mutum suke so su gani. Washegari na ɗauki sikeli da tiya na bi ta. A tsakar gidan Inna mata suka cika, ni kaɗai namiji a tsaye. Na auna shafaffiya, na auna mai tsororo, na nuna musu bambancin, na ce ni na canza lissafin daga Gusau ban gaya wa kowa ba, don ina jin kunyar a san na yi kuskure. Wata dattijuwa ta tambaye ni ko na taɓa riƙe fartanya, aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don dariyar ta fi shirun sauƙi. A ranar aka raba sauran irin. Wasu sun samu sun cike gonakinsu, wasu kuma sun riga sun zuba wani abin a wurin.

Inna ba ta ce mini komai mai zafi ba. Ta ba ni fura, ta sa mini albarka, ta ce na kyauta da na zo. Amma kafin taron ya watse ta kwance makullin daga bakin zanenta ta ajiye a kan tabarma, ta ce a nemi wata ta riƙe. Aka yi ta ba ta haƙuri, waɗanda suka yi maganar ma har da kuka, ta ce ta yafe wa kowa, amma ta riga ta ji abin da ake iya faɗa a kanta bayan duk shekarun da ta yi tana riƙon amanarsu.

Da na koma na fitar da 1.2.2 na mayar da tsohon awo, sannan na fitar da 2.0.0 ba hoto ba sanarwar taro. A cikinsa laburaren ba ya amsa maka sai ka faɗa masa wace tiya kake nufi, shafaffiya ko mai tsororo, kuma na rubuta dalili dalla-dalla har da labarin rulata. Yanzu ba na sakin komai sai malamar nan ta duba, ita ce ta biyu a aikin, kuma sau da dama tana dawo mini da shi. Har gobe ranar fitar da sabuwar lamba zuciyata na tsalle, wannan kam ban warke ba, kuma ba na so in warke.

Abin da na koya shi ne, da zarar ka saki aikinka a buɗe, ba ka san wanda ya jingina da shi ba, har da kuskurenka wani ya gina ɗaki a kai. Gyaran da na yi daidai ne, ɓoyewar ce laifina. 'Yan'uwana masu rubuta manhaja, in kun canza abin da mutane suka saba, ku ɗaga lambar farko, ku rubuta dalili ko da zai sa a yi muku dariya, kuma in wani ya rubuto da ƙorafi ku tambaye shi abin da ya same shi kafin ku rufe masa baki. Dariyar da na guje wa ta kwana ɗaya ce. Inna kuwa duk lokacin da na je gaishe ta tana amsa mini da fara'a, amma har yau ba ta sake taka ƙofar ɗakin ajiyar nan ba.