Dattijon da Ya Ce a Bar Bangon a Buɗe

A kantin littattafan zane da nake zuwa a unguwar Ikebukuro, hawa na uku namu ne mata. Nan ake sayar da labaran soyayyar namiji da namiji. Yau ga wani dattijo a layinmu, kansa fal furfura, kwat a goge, yana riƙe da littafi da hannu biyu kamar kwanon miya mai zafi.

"Kaka ya ɓata hanya," wata 'yar makaranta ke raɗa wa ƙawarta. "Littattafan kamun kifi suna ƙasa."

Ya ji, don kunnuwansa sun yi ja.

Mai kanti ta jawo takardar da ake rufe bangon littafi da ita saboda idon mutane a jirgin ƙasa. "Na jikarka ne, Baba? In rufe?"

"Ni zan karanta. Bar shi a buɗe."

Sai na tuna Kawu Tsuneo, wanda bai taɓa aure ba. Ni na kwashe ɗakinsa bayan rasuwarsa, na tarar da irin waɗannan littattafan, kowanne bangonsa a rufe da takarda.

A bakin ƙofa dattijon ya tsaya yana duban titi cike da jama'a. A hankali ya kifa bangon a ƙirjinsa, ya fita.