Tsiron da Ba a Sanar da Shi Ba

Ni mai wankin kwalabe ce a gidan renon tsirrai da ke bayan garin Pietermaritzburg, kuma a nan na san Zibuyile Mthalane. Tare muka tsufa a wurin. Ita tana ciki tana yanka, ni ina waje ina wanki, in rana ta yi tsaka mu haɗu a gindin bishiya mu ci tuwon masara da kindirmo, tana yi mini tsiya wai cin nawa ya fi aikin nawa.

Aikinta shi ne ta ɗauki ɗan toho, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, ta wanke shi da sinadari, ta dasa a kwalba a kan wani farin kunu mai daskarewa. In ya yi 'ya'ya ta raba su a wasu kwalaben, su ma su hayayyafa. Da haka guda ɗaya ke zama dubu. Amma dokar ɗakin ba wasa: baki a rufe da takunkumi, kuma ba a magana in murfi yana buɗe. Numfashi ɗaya ya isa ya sa fumfuna ta cinye komai. Zibuyile kuwa, mace mai surutun tsiya, da ta zauna a teburin nan sai ka ce kurma. Ko ni na leƙo ina tari, harara ce rabona.

Abin da ta fi yankawa shi ne indungulo, ɗan uwan citta, wanda muke sha in tari ko fuka ta taso, ana kuma dasa shi a tsakar gida don kada tsawa ta faɗo. Masu haƙa sun ƙarar da shi a daji tun muna 'yan mata. A ɗakin renonmu akwai shi jingim, amma Zibuyile ba ta taɓa kallonsa kamar na gidansu ba. Na gidansu kakarta ce ta zo da shi a ƙulle a zane ranar da aka kawo ta ɗakin miji. Bayan ta, mahaifiyar Zibuyile, MaNgidi, ta ci gaba da kula da shi. Kullum sai ta gaishe shi kafin ta gutsura, in an yi haihuwa ko rasuwa ta je ta tsuguna ta gaya masa.

Shekarar da ruwa ya yi ɓarna, MaNgidi na kwance a asibiti, ba kowa a gidan. Ta rasu, aka je binne ta, sai aka tarar ruwa ya kwanta a tsakar gida, indungulo ya ruɓe. Zibuyile ta tona da hannunta har ta samo saiwa ɗaya mai ɗan rai. Shugabarmu ta ba ta izini, ta yanka 'yan tohon da ke jiki ta dasa a kwalabe. Duk suka yi baƙi, sai guda ɗaya. Wannan kwalbar ita ce abin da ya rage na gidan kakarta, kuma kowa a wurin ya sani.

Ana nan sai ƙanen mahaifiyarta, Bhekizizwe, mai maganin gargajiya, ya zo ganin abin. Ta fito da kwalbar ta nuna masa a bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallo.

"Kin gaya masa?"

"Me zan gaya masa, Kawu?"

"Cewa mai shi ta tafi. Kin ɗauko shi daga gida ba sallama, kin kulle shi, bai san inda yake ba."

"Na gaya masa ta jikin kwalba."

"Ta jikin kwalba! Ke da aka zo gaya miki mutuwar uwarki, ta taga aka leƙo aka faɗa?"

Kai, ranar na ji kamar in watsa wa tsohon nan ruwan wanki. Na ce, "Baba, ka bari ya yi 'ya'ya tukuna, sai ta zaɓi ɗaya ta yi masa hira har ta gaji." Ya ce ai ba da ni yake ba. Ya sa hularsa ya tafi.

Abin takaici, sai tsiron ya tsaya cak. Bai mutu ba, bai ƙaru ba, balle a raba shi. Sanyi ya shigo, kuma Zibuyile ta fi kowa sanin indungulo barci yake yi da sanyi. Ita ce ma ta koya mini. Amma mai makoki ba ya jin irin wannan magana. Ta daina cin tuwonta, ta daina yi mini tsiya. Sai ta ce, "Jira yake yi, Yaya. Yana jin ba muryar Inna, kuma ba wanda ya ce masa komai."

Na ce, "Ke dai ki yi haƙuri har bazara."

Ta ce to.

Wata safiya na shigo da kwandon kwalabe, na hango ta a teburinta. Murfi a buɗe, takunkumi a ƙasan haɓa, ta sunkuya tana magana a hankali. Na ji tana kiran sunan kakarta, da na MaNgidi, da nata. Ta gaya masa ranar da aka yi rasuwar da inda aka binne ta. Ta ba shi haƙuri. Na tsaya da kwando a hannu. Har yau ban san ko da na yi ihu zai yi amfani ba.

Kafin mako ya zagayo, farar fumfuna ta fito a gefen kunun. Ta ciro shi ta wanke, ta sake masa kwalba, fumfunar ta biyo shi. Ta sake, ta kuma biyo shi. Daga nan ya narke.

Kwalbar da ta lalace wurina ake kawowa, in sa a tukunyar tururi in dafa kafin a zubar. Da hannunta ta kawo mini. Na kasa karɓa, ina kuka ina yi mata faɗa. Na ce, "Haba Zibuyile! Ke fa kika san dokar nan fiye da kowa!"

Ta ce, "Na sani. Amma ai ya ji, Yaya. Da ya ji ba ta nan, sai ya bi ta."

Ta ajiye kwalbar a bakin wurin wankina, ta ja takunkuminta ta rufe baki, ta koma ciki, don akwai tsirran mutane da ke jiran yanka.